Wanda ya mai da kisa sana'a, me muke jira da shi?

Kun san gardamar da ta tashi a fadarmu ta Garin Malam daren jiya, har shayi ya huce ba wanda ya sha. Wani ƙanenmu da ya dawo daga karatu a Yamai ya dage wai ko mutum ya kashe goma, ba a da ikon ɗaukar ransa. Na kwana da maganar nan a ƙirji.

Ni dai ra'ayina ɗaya ne: wanda ya kashe, ya wanke hannu, ya ci tuwo, ya sake fita neman wani, a kashe shi. Ba zancen wanda faɗa ya kaure ya yi kuskure nake ba. Zancen wanda ya zauna ya tsara nake, ya maimaita, ya kuma maimaitawa. Irin Gracious David-West da ya riƙa shaƙe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, kotu ta yanke masa rataya a 2020. Wannan wane gyaran hali ya rage masa?

A Nijar hukuncin kisa yana cikin doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Seyni Kountché, su ma waɗanda aka harbe a lokacin, yunƙurin juyin mulki suka yi. Tun daga nan alƙali ya yanke, takarda ta kwanta, wata rana a sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Mai laifi ya san da haka tun kafin ya wasa wuƙarsa.

An ce mini Faransa ta soke tun 1981. To sai me? Ɗan wa aka binne a Faransa cikinmu? An ce alƙali kan yi kuskure. Gaskiya ne, a tsananta bincike, a kawo hujja wadda ba ta da ƙura. Amma wanda ya kai jandarmomi da ƙafarsa ya nuna ramukan da ya binne mutane, wane kuskure ake tsoro? Allah ya ce a Baƙara, aya ta 179, akwai rayuwa a gare ku cikin ƙisasi. Ya bai wa magada zaɓin yafewa ko karɓar diyya. Magada, ba gwamnati ba.

Wallahi na je ta'aziyyar wani ɗan kabu-kabu da aka kashe saboda babur. Uwarsa na zaune kan tabarma, takalmansa na gefenta, ta hana a ɗauke. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi karya mini zuciya ke nan. Ita wa ya tambaye ta haƙƙinta?

Ku kuma 'yan kabu-kabu, don Allah ku daina ɗaukar baƙon fuska zuwa bayan gari in an yi isha'i, ko jaka biyar ya ce zai bayar. Hanyar Mirriya da dare ba wurin zuwa kai kaɗai ba ce.