Shafin da ya burge mai shi ya kori mai saye

Mai sayen da shafin intanet ya ƙure wa haƙuri ba ya kawo ƙorafi. Madannin komawa baya kawai zai latsa, ya faɗa shafin wani. Wannan shirun ne ke sa 'yan kasuwa da yawa su daɗe ba su gano inda kuɗinsu ke zurarewa ba. An biya mai zanen shafi, an biya talla a Facebook da Instagram, alƙaluma na nuna jama'a na shigowa, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sai a ɗora wa talla laifi, ko farashi, ko halin da kasuwa ke ciki. A nawa ganin, sau da yawa laifin na shafin ne kansa, domin tun farko idon mai shi aka duba wajen gina shi, aka manta da wanda zai ciro kuɗi daga aljihu.

Dubi yadda ake miƙa aikin. Mai zane ya buɗe shafin a babbar kwamfuta, a ofis mai intanet mai gudu, hotuna na zamewa ɗaya bayan ɗaya, tambarin kamfani ya cika allo, mai kasuwa ya ce madalla, ya biya. Shi kuwa mai saye yana tsaye a waje da waya a hannu ɗaya, rana na dukan allon, sabis na zuwa yana ɗaukewa, data ta kusa ƙarewa. Abin da yake gani shi ne farin allo da wani da'ira mai juyawa. Ba wanda ya tsaya a inda yake tsaye kafin a ce aiki ya kammala.

Nauyi shi ne babban abin da ke kore shi. A 2016 Google ya fitar da binciken da ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Babban kaso na nauyin nan kuwa hotuna ne. A ɗauki hoton kaya, a ɗora shi yadda ya fito daga kyamara, megabayit 4 ko 5, alhali da an rage girmansa an matse shi zai dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan, kuma ido ba zai ga bambanci a allon waya ba. A jera irinsa goma a shafin farko, a ƙara bidiyo mai tashi da kansa, da salon rubutu iri huɗu, da ƙananan manhajojin da aka saka aka manta da su. Ma'aunin da Google ke amfani da shi ya ce babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafuka, na gwada wannan kyauta. Adireshin shafin kawai za ka zuba. Akwai kuma wani abin takaici da ke tafe da nauyi: ka kai yatsa za ka latsa "saya", wani hoto ya gama saukowa a sama, komai ya gangaro ƙasa, yatsanka ya sauka kan talla.

Fiye da rabin ziyarar shafuka a duniya yanzu ta waya ake yin ta, shi ya sa tun 2018 Google ya fara duba fasalin waya na shafi wajen tantance shi, ya kammala sauyin a 2023. Duk da haka har yau za ka ga shafin da sai an ware yatsu biyu kafin a karanta, da madannai biyu manne da juna, da lambar waya da aka zana cikin hoto, ba ta latsuwa, ba ta kwafuwa. Haka nan akwatin da ke faɗo maka a fuska tun ba ka karanta layi ɗaya ba, yana neman imel ɗinka, alamar rufe shi kuma ta ɓuya a lungu. Tun Janairun 2017 Google ya fara rage darajar shafukan waya masu irin wannan, amma ko babu hukuncin, rashin ladabi ne ka tare baƙo da roƙo kafin ka nuna masa abin da ya zo nema.

Sai rubutu. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya nuna tun 1997 cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda ya gwada ido kawai suke bi da shi a kan shafi, kashi 16 ne ke karantawa kalma bayan kalma. Mutum ya shigo da tambaya uku a ransa: me kuke sayarwa, nawa ne, yaya zan samu? Sai ya tarar da jawabin shugaban kamfani, da tarihin kafuwa, da manufofi. Farashin kuma an rubuta "tuntuɓe mu". Na san hujjar masu yin haka, wai kada abokan gasa su gani, ko kuma aiki ne da farashinsa ke bambanta. Abokin gasa ya riga ya sani. Aikin da ba shi da tsayayyen farashi kuwa ana iya cewa daga kaza yake farawa. Wanda bai ga farashi ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ko za a yi masa tsada, ya tafi. Rubutu mai launin toka a kan fari shi ma kora ce, musamman ga masu raunin gani, kuma kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe wasu launuka, don haka jan launi kaɗai bai isa ya nuna inda aka yi kuskure a fom ba.

Inda asarar ta fi ciwo shi ne wurin biya, domin wanda ya kai nan ya riga ya yanke shawarar saye. Cibiyar Baymard da ke Denmark, wadda ta daɗe tana nazarin wannan, ta ƙiyasta cewa kusan bakwai cikin goma na kwandunan saye a intanet, wato inda mai saye ke tara kayan da ya zaɓa kafin ya biya, watsar da su ake yi. Wasu dama kallo suka zo yi. A cikin sauran kuwa, dalilin da ke kan gaba shi ne ƙarin kuɗin da ya ɓullo a ƙarshe, na kai kaya ko haraji ko wani caji, kuma tilasta buɗe asusu na cikin manyan dalilan. Jared Spool, shi ma masanin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya ba da labarin wani babban kantin intanet da ya daina tilasta rajista, ya bar mutane su wuce su biya kai tsaye, cinikinsa ya ƙaru da dala miliyan 300 a shekara ɗaya. Mai sayen takalmi bai zo ƙulla zumunci ba. Me ranar haihuwarsa za ta yi maka? Mafi muni shi ne fom ɗin da mutum zai cike gurbi goma sha biyu, ya yi kuskure a ɗaya, ya latsa, komai ya goge. Kaɗan ne ke sake farawa.

Amana ita ma ana gina ta ne da ƙananan abubuwa. Tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke liƙa gargaɗin rashin tsaro a kan duk shafin da ba ya amfani da HTTPS, wato tsarin da ke kare bayanai tsakanin mai shiga da shafi, alhali wata cibiya mai suna Let's Encrypt na ba da takardar shaidar tsaron kyauta. Wa zai zuba lambar katinsa a ƙarƙashin wannan gargaɗi? Haka shafin da ba shi da adireshi, ba bayanin yadda ake mayar da kaya, labarinsa na ƙarshe ya shekara uku. Agogon ƙarya mai cewa saura minti goma garaɓasa ta ƙare, gobe ka dawo ka tarar da shi yana ƙirgawa daga farko, wannan ya wuce kuskuren zane, yaudara ce, kuma wanda ya gane ta ba ya dawowa.

Masu zane za su ce kyau ma yana sayar da kaya, kuma gaskiya ne, mutane na auna kamfani da kamannin shafinsa. Sai dai kyan da ya sa aka ɓoye jerin zaɓi a inda ba a saba ba, ko aka sauya wa kwando suna don a zama daban, wahala ya ƙara wa mai saye, wanda ya riga ya koyi hanya a ɗaruruwan shafuka kafin naka.

Kafin ka biya ragowar kuɗin mai zane, nemo mutum biyar da ba su taɓa ganin shafin ba. Nielsen ya nuna a 2000 cewa biyar sun isa su bankaɗo mafi yawan matsalolin. Ba kowannensu waya mai matsakaicin ƙarfi, a kan data, ka ce ya nemo kaya kaza ya kai har wurin biya. Ka zauna gefe ka yi shiru, kada ka nuna masa komai ko da ya ɓace. Rubuta duk inda ya tsaya, da inda ya koma baya, da inda ya juyo ya tambaye ka, sannan ka kai wa mai zanen takardar ya gyara.