Ranar da Buroshi Ya Rama

Shekara 7 ina amfani da buroshi ɗaya tal. Baƙin takalmi shi, mai ruwan ƙasa shi, kai har takalman makarantar yara idan ƙura ta yi musu yawa. Ban taɓa wanke shi ba. A tunanina, wanda aikinsa korar datti, ina datti zai kama shi?

Ana nan sai na sayi wani sau-ciki mai ruwan toka, irin fatar nan mai gashi-gashi da ake kira suwed. Ranar da zan fara sa shi na hango ɗan tabo a hancinsa, bai fi ƙwayar ido ba. Na ɗauko tsohon abokin nawa, na ba takalmin shafa biyu kyawawa.

Wayyo Allah! Baƙin man da ya shekara 7 yana kwance a gindin gashin buroshi ya sauka gaba ɗaya. Shi man takalmi kaki ne mai kama da na zuma, da launi, a cikin wani mai da ke saurin bushewa. A fata mai santsi yakan zauna a sama, a goge ya yi ƙyalli. Suwed kuwa shanye shi yake kamar soso, shi ya sa yake da nasa buroshin daban, na roba ko mai siririyar waya, kuma a bushe ake goge shi. Duk wannan karatun bayan ɓarna na yi shi.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, don Allah ka ajiye shi haka nan."

Na ce, "Ke dai zuba ido."

Na ɗebo ruwa da sabulu, na ɗauko wani buroshin haƙori da na ga ya tsufa, na dirji wurin har tabon ya bazu ya kai dunduniya. Da na ga lokaci na tafiya sai na jingina takalmin kusa da wuta. Ashe jiƙaƙƙiyar fata ba ta son gaggawa: tsohuwar jarida ake cusa mata a ciki, a bar ta a inuwa ta sha iska. Nawa kam ya bushe ƙayau, hancin ya ɗaga sama kamar kwale-kwale, ya yi tauri kamar ƙirgi.

Haushi ya sa na koma kan mai laifin. Na tsunduma buroshin a bokiti na ce ya kwana a nan ya yi hankali. Gashin kawai ake wankewa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a kife shi ya tsane don kada ruwa ya shiga katakon. Da safe katakon ya kumbura ya tsage, gashin dokin da aka yi buroshin da shi duk ya tashi yana yawo a saman ruwa. Buroshi ya yi sanƙo ya fi ni.

Na haƙura na shiga banɗaki, na matsa man goge baki, na fara dirza. Sai na ji wani ɗanɗano kamar na lashi gwangwanin fenti. Na ɗaga kai na dubi madubi: haƙora sun yi baƙi ƙirin.

Uwargida daga bakin ƙofa ta ce, "Au, Maigida, jiya na tsince shi a ƙasa kusa da takalminka, shi ne na mayar maka da shi cikin kofi."