Kwalbar Niskin na ɗebo ruwa, ba ta ɗebo matsi

Duk mita 10 da aka nutsa cikin teku, matsi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A zurfin mita 4,000 ya ninka kusan sau 400 ke nan, ga sanyi na digiri 2 zuwa 4. Can ne bakteriyar da ke cinye ragowar matattun halittu ke rayuwa. Sai dai yawancin alƙaluman saurin aikinsu a kan jirgi aka auna su, daga ruwan kwalbar Niskin, wadda ke rufe baki a zurfi amma ba ta riƙe matsi. Kafin igiya ta iso sama, fiye da awa guda, matsin ya zube, ruwan ya fara ɗumi.

Da a ce kuskuren gefe ɗaya yake karkata, da sai a gyara da lissafi. Christian Tamburini, masanin ƙwayoyin halittun teku, da abokan aikinsa a birnin Marseille na Faransa sun ga cewa a zurfin Bahar Rum sauke matsi kan rage aikin ƙwayoyin. A 2022 kuma masana Jami'ar Vienna, da na'urar da ke yin gwajin a can ƙasan, suka samu akasin haka: a mita 4,000 aikin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka auna a kan jirgi ba. Wane lissafi ne zai sasanta waɗannan?

Maganin sananne ne, tsada ce matsalarsa. Silinda ce mai riƙe matsi, ta titaniyam ko baƙin ƙarfe mara tsatsa, da fistin a ciki, da bawul mai barin ruwa ya shiga amma ya hana shi fita. Yayin hawowa ƙarfen kan ɗan faɗaɗa, don haka ake haɗa ta da tukunyar iskar naitirojin mai cike giɓin. Zoben roba ɗaya ya taurare saboda sanyi, samfurin ya tashi a banza. Man shafawa ya yi yawa, ya gurɓata ruwan. Ko zuba sinadarin lusin (ɗaya daga cikin tubalan gina furotin) da aka yi wa alama, wanda da shi ake auna aikin bakteriyar, sai da famfo mai ƙarfi. Duk wannan wahala, wani lokaci a kan rabin lita.

A ganina rabin litar nan ta fi lita 10 ta Niskin amfani idan saurin aiki ake tambaya. Niskin ta ci gaba da aikinta na ɗebo ruwan auna gishiri da sinadarai. Amma mujallu su wajabta wa kowane rahoto bayyana matsin da aka yi awo a kansa, masu ba da kuɗin bincike kuma su sa silindar a kasafin jirgi tun farko.