Daga Kano zuwa Garwa: kirifto karatu yake so, ba danna waya ba

"Kawu, ta kusa fashewa, ka sa ni a addu'a." Saƙon muryar da ɗan ƙanwata ya turo mini ke nan daga Garwa, can gida Kamaru, a daminar 2024, lokacin da guguwar maining ta ɗebi samari, wato danna waya a tara maki da fatan su zama kirifto, kuɗin intanet. Wata uku ya yi yana danna fuskar waya dare da rana, in wuta ta ɗauke ya ruga shagon mai caji, kuɗin karin kumallonsa duk a data suke ƙarewa. Ranar da abin ya fashe, wato aka fara biyan masu dannawa, abin da ya samu bai biya datar ba. Ban yi masa faɗa ba, don a nan Kano, inda nake zaune shekara tara ke nan, na ga magidanta masu furfura suna wannan dannawar a cikin Adaidaita Sahu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, daga Najeriya yaranmu suka kwaso abin, amma ɓawon suka ɗauko suka bar ƙwayar. 'Yan Najeriya suna da dalilinsu na shiga kirifto. A watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar Kwari da ya sayar da atamfa ya ajiye naira, sai ya wayi gari kuɗin ba sa iya mayar da kayan da ya sayar. Shi ya sa wasu suka koma ga USDT, wato kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala, suna ajiya a ciki, suna biyan masu kaya a Sin da shi. Ciwo ne ya kai su.

Mu ciwonmu daban ne. Sefarmu a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Tsadar rayuwa tana cinmu, ba na musu, amma mai sayar da albasa a Marwa ba ya kwana da fargabar kuɗinsa za su rabe biyu kafin kaka. Inda takalmin yake matsa mu shi ne tsallaka iyaka. Wanda ya kai shanu Mubi ya karɓi naira, wanda ke saro kaya ta Banki ko Gamboru, ko mai aika wa ɗansa kuɗin makaranta daga Injamena zuwa Kano, kowa sai ya bi ta hannun ɗan canji. Ko sefar Nijar ba tamu ba ce, bankin da ke buga ta daban. A nan ne ilimin nan zai iya yi mana rana, kuma nan ne ba na jin samarinmu suna magana a kai.

Doka ma ba ɗaya ba ce. Babban bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa ta ƙarƙashin hukumar kasuwar hannun jari. Mu kuwa, bayan Afirka ta Tsakiya ta ayyana Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa a Afrilun 2022, sai hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan ƙasashe shida na CEMAC masu amfani da sefarmu, har da Kamaru da Cadi, ta hana bankuna mu'amala da kirifto a watan Mayu. Afirka ta Tsakiyar ma ta ja da baya a 2023. Yaron da ke koyo daga bidiyon wani malamin TikTok na Kano, dokar wata ƙasa yake koya bai sani ba.

To me za a koya? Ni a Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, na fahimci abin, wurin wani dattijon ɗan canji da nake zama a shagonsa. Yana da littafi mai baƙar bango, duk wanda ya ba da kuɗi a Kano don a karɓa a Garwa, a ciki yake. Amana ce ke riƙe da littafin. In ya ɓata ko mai shi ya ci amana, shi ke nan. Bulokcen, inda ake rubuta hada-hadar kirifto, littafi ne irin wannan, sai dai kwafinsa yana kan dubban kwamfutoci, kowane shafi kuma ɗaure yake da na bayansa, ba mai iya goge layi shi kaɗai. Ƙarfinsa ke nan, haɗarinsa ke nan: in ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba, babu manajan da za ka kai wa kuka. Na ga yaron shagon zai tura USDT, dattijon ya dafa hannunsa ya ce, "Karanto mini haruffa huɗun farko da huɗun ƙarshe." Ya karanto. "To tura dala goma tukuna, in ta isa ka tura sauran." Kalmomin sirri goma sha biyu da ke buɗe asusunsa na kirifto kuwa, a takarda ya rubuta su, ba a waya ba.

Irin wannan nake so a koyar a sashen lissafin kuɗi da na shari'a a jami'o'in Ngawundare da Marwa da Garwa: wa ya fitar da kuɗin, me ke bayansa, nawa ne ladan turawa in an gwada da Orange Money ko MoMo, me ya sa Bitcoin ya faɗo daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa wajen 16,000 bayan shekara guda. Malamanmu na addini ma su zauna su fahimci abin kafin fatawa, don sayen dala ta waya a biya kaya daban, zuba kuɗi inda aka yi alkawarin ninkawa a wata guda daban.

Da ƙaramar sallar bana na ce wa ɗan ƙanwar tawa ya turo adireshin asusunsa na kirifto in sa masa barka da salla. Bai turo nan take ba. Sai da ya tambaye ni, "Kawu, ta wane layi za ka turo, kuma nawa za su cire?"