Yadda Hajiya ta ajiye ni a benci

Masu ta kirana suna tambayar yadda maganar takardar Hajiya mahaifiyata ta ƙare, ga shi na rubuta, ku karanta ku bar ni in sha iska.

Kun dai san tun faɗuwar da ta yi a banɗaki likita ya ce gara a yi mata takardar wakilci mai ɗorewa, wadda ake kira LPA a nan Ingila, tun tana cikin hankalinta sarai. Idan mutum ya rikice babu takardar, banki ba ruwansa da kai ɗanta ne, sai ka bi ta kotu, ga kashe kuɗi ga watanni. Iri biyu ce, ta kuɗi da dukiya, da ta lafiya da jinya. Wa ya nemo fom? Ni. Wa ya karanta bayanin har idonsa ya yi ja? Ni. Wa ya sha faɗa da Hajiya ta ce gadonta muke son rabawa tana numfashi? Ni ɗin dai. Sai da na rantse mata cewa takardar tana daina aiki ranar da mai ita ya rasu, ba ta shafi gado ko wasiyya ba, sannan ta ce to. Na cike komai da manyan baƙaƙe, na sa sunana a gurbin wakili a duka biyun, don wa za a sa in ba ɗan fari ba.

Abin da ya rage shi ne mai tabbatarwa, wato wanda zai sa hannu cewa Hajiya ta fahimci abin da take yi kuma babu wanda ya tilasta ta. Ko dai likita ko lauya da makamantansu, ko wanda ya san ta sosai aƙalla shekara 2. Sharaɗin shi ne kada ya zama ɗan uwanta ko ɗan uwan wakili.

A nan Kawu ya shigo. Ban gayyace shi ba, ban kuma san wa ya gaya masa ba, ina dai zargin wata. Ranar Asabar sai ga shi da babbar riga da tabarau, wai ya zo sa hannu. Na ce Kawu ai ƴan uwa ba sa yi. Ya ce shekara sittin da ɗoriya ya san ta, ciki ɗaya suka fito, wa ya fi shi saninta? Na ce ai matsalar ke nan. Ya ce wannan dokar Turawa ta raba zumunci ce, ya zauna a kujerata, ya jawo kwanon dambun naman da surukata ta aiko mini takanas daga gida. Mutumin nan har yau bai dawo mini da akwatin da ya ara zai je Umara ba, mai ƙafa huɗun nan, kuma na gan shi da idona a ɗakin ɗansa an cika shi da takalma. In na yi magana a ce ba ni da kunya. To na bar wannan.

Anti nas ce ta karɓi aikin. Kun san ta, aminiyar Hajiya tun zuwansu Landan, ta yi ritaya amma har yanzu tana yi wa mutane kallon marasa lafiya. Ta zo da nata biron. Ta ce ita ta san dokar nan, ta 2005 ce, tana bakin aiki aka fara amfani da ita a 2007, kuma ba za ta sa hannu ba sai ta gana da Hajiya su biyu. Kowa ya fita.

Muka koma kicin: ni, matata, Auta da Kawu da kwanona a hannunsa. Gidan Hajiya kuwa bangon falo da kicin katako ne aka shafa wa fenti. Anti kuma kunnenta ɗaya ya yi nauyi, don haka duk mai yi mata magana sai ya ɗaga murya. Ganawar sirrin ke nan.

Muka ji Anti ta ce, "Hajiya, akwai wanda ya matsa miki a kan takardar nan?"

Hajiya ta ce, "Matsi kai! Wancan babban, ba dare ba rana. Ina lazimi ya turo kai, Hajiya fom. Ina cin abinci, Hajiya fom."

Matata ta sunkuyar da kai tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Na ce a raina ba komai, ai Anti za ta gane kulawa ce.

"To kin amince ya riƙe miki kuɗinki?"

Shiru. Wallahi shirun nan ya fi komai ciwo, don har ƙarar firji na ji. Sai Hajiya ta ce, "Wa? Shi?"

Anti ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce SHI?"

Kawu ya ƙware. Auta ta miƙa masa ruwa ba tare da ta kalle ni ba, kafaɗunta na rawa.

Daga nan Hajiya ta ɗauko labarin rago. Shekara nawa da wucewar maganar nan, jama'a? Ta ba Anti shi tiryan-tiryan, yadda na tura wa wani kuɗin layya a gida ya turo mini hoton rago a WhatsApp, na bi dangi ina nunawa ina cewa ku ga ƙaho. Da wata Sallar ta zagayo na sake turawa, ya sake turo hoton, ragon nan dai, igiyar nan dai, har da yaron da ke tsaye a bayansa da riga ɗaya. "Yaron ma bai ƙara tsawo ba," in ji Hajiya. Anti ba ta ji ba, ta ce a maimaita. Aka maimaita mata. Ni fa har gobe ina nan a kan bakana, mutumin amintacce ne a lokacin, kuma raguna suna kama da juna.

Kawu ya share hawaye da hannun riga ya ce, "Ɗana, ashe kai ne na ragon?" Kamar ba shi ya haɗa ni da mutumin ba.

Ban motsa ba. Fita daga kicin sai ta falo, taga kuma hawa na biyu ne. Na tsaya ina karanta bayan kwalin shayi kamar yau na fara ganinsa, Hajiya kuwa ta wuce kan maganar adashi, daga nan ta gangara kan motar.

Da aka kira mu, Anti ta cire tabarau ta ce ta gamsu ƙwarai, Hajiya ta san abin da take yi, ta ma fi wasu sani. Wasun ta faɗa tana kallona. Hukunci: kuɗi da dukiya Auta ce wakiliya, ni kuma wakilin ko-ta-kwana, wanda ba ya taɓa komai sai in Auta ta rasu ko ta kasa. Ɗan benci ke nan, an ba ni riga an ce in zauna. Yarinyar da na goya.

Takardar lafiya kuwa Hajiya ta ce a bar sunana. Har wurin da ake zaɓar ko wakili zai iya yanke hukunci a kan maganin da ke riƙe rai, ta ce a ba ni. Na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara da cewa, "Shi mai saurin kuka ne, ba zai bari a cire mini komai ba. Kuma ya iya zaman asibiti, ba shi da wani aikin kirki ranar Asabar."

Aka sake buga fom ɗin kuɗi. Sa hannun ma da tsarinsa: Hajiya da farko a gaban shaida, sai Anti, sai mu wakilai, in aka saɓa ana iya dawo da takardar. Wakili ba ya yi wa mai takarda shaida, don haka dole aka ba Kawu, ya samu abin da ya zo nema. Ya fara jera laƙabinsa har ya fita daga akwatin suna, sai ya zaro Tipp-Ex, farin ruwan nan na goge rubutu, daga aljihu. Wa ke yawo da Tipp-Ex a babbar riga? Auta ta fizge, don ba a karɓar takardar da aka shafa wa shi. Ni ma na san da haka, ta dai riga ni ne.

Muka aika ofishin rajista a Birmingham, aka ce a jira mako 8 zuwa 10 idan babu kuskure. Kuɗin rajista a lokacin fam 82 ne kowace takarda, biyu 164, kuma daga aljihun ɗan benci suka fita. Sai a mota Auta take cewa ai mai samun ƙasa da fam 12,000 a shekara rabi yake biya, ko na duba na Hajiya? Na ce ke ce mai kula da kuɗi yanzu, ki duba, in ya so ki fara da biyana. Ta ce ba a yi rajista ba tukuna, ba ta da iko.

Jiya Kawu ya kira, wai shi ma yana son a yi masa irin ta Hajiya, in zo in cike masa fom tunda na ƙware. Na tambaye shi wa zai sa wakili. Ya ce yana tunanin Auta.