Ledar da ka jefa a kwata, a cikin wa za ta ƙare?

Matasan Kaduna, kada nisanmu da teku ya ruɗe mu. Ruwan sama ɗaya ya isa ya kwashe ledojin ruwa da gorunan lemo daga kwatocin Tudun Wada da Kakuri ya juye su a Kogin Kaduna. Kogin ya bi ta Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kogin Neja kusa da Pategi, shi kuma Neja ya wuce Lakwaja ya zuba a Tekun Atilantika. Madatsun ruwa da ciyayin gaɓa suna tare wasu, amma roba ba ta ruɓewa. Rana da ruwa farfasa ta kawai suke yi, ɓarɓashin kuwa ya wuce abinsa.

Duk wanda ya taɓa ganin dunƙulen ledar da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya, ya riga ya san rabin abin da ke samun tsuntsayen teku. Robar da ta daɗe a ruwa takan yi gansakuka, ita kuma ta riƙa fitar da irin warin da tsuntsu ke bi ya gano abinci. Sai ya haɗiye. Ba ta narkewa, ciki ya cika, tsuntsu ya ji kamar ya ƙoshi, ya daina ci, ya rame har ya mutu. Mai kaifi kuwa huda hanji take yi. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa tara cikin goma na tsuntsayen teku suna da roba a ciki, alhali a 1960 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Abin da ya fi sosa rai shi ne 'ya'yan. A tsibirin Midway da ke Tekun Fasifik, tsuntsun albatiros yakan yi doguwar tafiya neman abinci, ya dawo ya amayo wa ɗansa a baki. Idan ɗan ya mutu ya bushe, sai a ga murafun gora, da layita, da buroshin haƙori a tsakanin ƙasusuwansa. Uwar ba ta san abin da ta ɗura masa ba.

To, ga abin yi. In ka shanye lemo, matse gorar, ka mayar da murfin ka ɗaure, domin murfin da aka yar shi kaɗai saurin sulalewa yake yi ya bi ruwa. Tara su a buhu ka sayar wa 'yan bola jari a kan kilo. Ledar ruwa ma haka. Kada ka ƙona ta, hayaƙinta guba ne ga huhu. Masu kamun kifi, kada ku bar tsinkakken zaren fatsa ko guntun koma a gaɓa, shi ke naɗe ƙafa da fiffike.

Samarin unguwa da ke yashe kwalbati kafin damina, Allah ya saka muku, kawar da cuta daga hanya sadaka ce. Amma ku kwashe sharar a ranar. In kun bar ta a bakin kwalbatin, ruwan farko zai mayar da ita.

Sai balan-balan da ake saki sama a biki da walima. Ku daina, don Allah. Duk inda ya je, ƙasa zai dawo, kuma taushinsa ne ke sa ya toshe hanji: wani bincike na 2019 ya nuna ya ninka roba mai tauri sau 32 wajen kashe tsuntsun da ya haɗiye shi.