Ranar da na zama alƙalin fayilolin Windows

Sandar diskin C ce ta rikiɗe ta koma ja, alamar wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Diskin kuwa gigabait 128 ne kacal. Maimakon in taɓa tulin bidiyoyina, sai na faɗa foldar Windows, na cire alamar da ke ɓoye fayilolin tsarin, na kafa kotu. Dokokina uku ne: mai ƙiba ya tafi, mai baƙon suna ya tafi, wanda na gani biyu, ɗaya ya tafi.

System32 na fara gurfanarwa. Kwamfutata 64-bit ce, ga kuma SysWOW64 a gefe, to me mai 32 yake yi mana a gida? Ashe abin a juye yake. System32 ne ke riƙe da fayilolin 64-bit, SysWOW64 kuma na 32-bit. A cikin System32 ɗin ma akwai foldar config, inda rajistar Windows, wato kundin saitunanta, take kwance. Allah ya taimake ni, kwamfutar ta ce sai da izinin TrustedInstaller, wato asusun da Windows ke kare manyan fayilolinta da shi. Kwamfutata, a ɗakina, wani wanda ban taɓa gani ba ya hana ni. Har na ji haushi.

WinSxS, foldar da Windows ke ajiye sassanta, ita ma haka ta yi min. Tana nuna gigabait kusan goma, amma yawancinsa kurari ne: fayil ɗaya ne ke fitowa a wurare biyu, ana ƙirga shi sau biyu. Shi kuwa pagefile.sys, fayil ɗin da ke tallafa wa RAM, cewa ya yi yana kan aiki.

Nan na fito da sabuwar doka, wadda ta kai ni ta baro: duk abin da Windows ta bari a goge, ba shi da amfani.

Sai ga C:\Windows\Installer, cike da fayilolin .msi da .msp, na saka manhajoji da sabunta su, masu sunaye kamar lambar mota. Babu TrustedInstaller, babu gardama. Na danna Shift da Delete tare, don kada ma su yada zango a kwandon shara. Daga nan na leƙa jerin manhajoji, na ga Visual C++, kayan da wasu manhajoji ke dogara da su, reras: 2010, 2012, 2013, 2015, kowanne da x86 da x64. Na ce tagwaye sun yi yawa, na sallami shida.

Na kashe na kunna, komai lafiya lau. Har na fara tunanin koya wa mutane.

Washegari manhajar da nake gyaran hoto da ita ta ƙi buɗewa, wai ba ta ga MSVCP120.dll ba. Wannan fayil cikin tagwayen da na kora yake, domin kowace manhaja da sigar da aka gina ta a kai, sabuwa ba ta maye gurbin ta 2012 ko 2013. Na ce bari in cire manhajar in sake sakawa. Cirewar ma ta ƙi, tana neman fayil ɗinta na .msi, wanda ni da hannuna na aika lahira jiya. Ba ta buɗuwa, ba ta sabuntuwa, ba ta fita. Na buga sfc /scannow, umarnin da ke duba lafiyar fayilolin Windows, ina addu'a. Ya gama, ya ce bai ga matsala ba, kuma gaskiyarsa: fayilolin Windows masu kariya yake gadi, foldar Installer ba huruminsa ba ce. Ba a kuma kwafo ta daga wata kwamfutar, don sunayen na kowace na'ura daban ne.

Abin takaicin, halastaccen wuri yana nan tun farko. Disk Cleanup, idan aka danna maɓallin tsaftace fayilolin tsarin, yana kwashe ragowar sabuntawa da Windows.old, foldar tsohuwar Windows. Umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup yana rage WinSxS ba tare da an ji wa kowa ciwo ba. Shi kuma powercfg /h off yana ɗauke hiberfil.sys, fayil ɗin dogon barcin kwamfuta (hibernate), wanda ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM, sai dai Fast Startup, wato saurin kunnawa, zai bi shi. Foldar %temp% kuwa, ta fayilolin wucin gadi, share ta ake yi, wanda ya ƙi fita a ƙyale shi.

Ta wannan hanya na samu gigabait 9 cikin rabin awa. Dawo da tagwayen da lallashin manhajoji huɗu ya cinye min kwana biyu. Bidiyoyin, da na duba daga baya, gigabait 41 ne, kuma suna nan ban taɓa ko ɗaya ba.